Ranar da Durom ɗin Mama Saratu Ya Hau Majigi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya gaban mutanenmu ina nuna musu shafin intanet na sana'ata ba. Ko yanzu in na tuna, kunnuwana sai su ɗauki zafi, in ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Amma da zarar zafin ya wuce, sai in sauke ajiyar zuciya in gode wa Allah da ya sa na sha wannan kunyar, kuma na sha ta a kan lokaci.

Bari in fara da sana'ar, don na san ba kowa ne ya san ta ba. Ni mai duba gidaje ne. A nan Amurka, in mutum zai sayi gida, kafin ya sa hannu a takardar ƙarshe yakan ɗauko irina ya hau rufi, ya buɗe akwatin wuta, ya leƙa bututun ruwa da na gas, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da muke cewa besmen, sannan ya rubuta masa duk aibin da ya gani. Wato dai aikina shi ne in faɗi gaskiya a kan gidajen mutane, ko da daɗi ko ba daɗi. Ka riƙe wannan a ranka, za ka ga inda ya dosa.

Can gida, kafin in zo, gine-gine na karanta. Da na zo nan sai na shekara biyar ina gadin wani sito a Laurel, mutanenmu kuma suna kirana Injiniya (rabi girmamawa, rabi tsokana, ni ma na sani). A hankali na yi kwas, na ci jarrabawa, na samu lasisi. Na sayi tsani mai naɗewa, da tocila mai haske kamar fitilar mota, da wata 'yar na'ura mai gane iska mai guba. Abin da ya rage kawai shi ne a san da ni.

Akwai mutum ɗaya da dole ka sani kafin labarin ya yi maka ma'ana: Baba Ishaya. Abokin mahaifina ne tun a Kafanchan, kuma shi ya je filin jirgi ya ɗauko ni ranar da na sauka da akwati ɗaya da rigar da ba ta san sanyi ba. Wata takwas na kwana a besmen ɗin gidansa a Beltsville, ina cin tuwon matarsa Mama Saratu. Da zan auri Rifkatu, shi ya tsaya mini a matsayin uba. Ban taɓa gaishe shi da hula a kaina ba, ban kuma taɓa ce masa "a'a" ba. In ya ce sama kore ce, ni dai "haka ne, Baba" ne nawa. A ƙasar nan duka, ba wanda nake tsoron ɓata masa rai irinsa.

To, shafi. Na ce ba zan ba kowa wannan aikin ba, ai ni injiniya ne. Sati biyu na yi a teburin kicin ina gina shi da irin manhajar nan da ake jawo hoto a ajiye, a jawo rubutu a ajiye. A sama na sa hotona cikin babbar riga da hula, wanda aka ɗauka ranar bikin ƙanena. Ƙarƙashinsa barka da zuwa, sai godiya ga Allah, sai iyaye, sai malamai. Daga nan tarihina ya fara, tun daga firamare. Na jera takardun shaida goma sha ɗaya, har da wadda na samu a gasar muhawara a sakandare. Lambar wayata kuwa can ƙasa na kai ta, domin a tarbiyyar da aka yi mini ba a fara magana da buƙata. Sai an gaisa, an tambayi gida, an tambayi gajiya, sannan a ce ga abin da ya kawo ni.

Rifkatu ta dawo daga asibiti (nas ce), ta leƙa ta kafaɗata, ta ce, "Baban Jummai, wannan shafin kasuwanci ne ko takardar da ake rabawa a jana'iza?"

Na ce mata ba ta san harkar kwamfuta ba.

Washegari na kai wa Hajiya Bilki. Dillaliyar gidaje ce, Bakanuwa, ta daɗe a harkar, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ba ta ma kalli kwamfutata ba, wayarta ta ɗauko ta buɗe shafin, ta fara ja da babban yatsa tana ƙirgawa da ƙarfi. Sai da ta kai goma sha huɗu lambata ta bayyana.

"Injiniya," ta ce, "mai sayen gida 'yan kwanaki ake ba shi ya kawo mai dubawa. Yana tsaye a ƙofar gidan, waya a hannu, yara na kuka a mota. Ina ruwansa da firamarenka? Lambarka ta koma sama, inda ido zai fara sauka. Ka sa lasisinka, ka sa garuruwan da kake zuwa, ka sa wurin da mutum zai danna ya zaɓi rana ba sai ya jira ka gama barci ba. Babbar rigar nan ka bar ta ga biki, ka sa kayan aiki ka riƙe tocila."

Ina rubutawa ina jin haushi, domin duk gaskiya ta faɗa.

"Babban abu kuma," ta ƙara, "samfurin rahoto. Mutane suna son su ga irin abin da idonka ke kamawa. Kada ka kuskura ka ɗebo mini hotunan intanet, na masu hular kwano suna wangale baki. Hoto na gaske nake so, na aibi na gaske, wanda in mutum ya gani zai ce wallahi ba zan sayi gida ba sai wannan mutumin ya duba mini."

Nan matsalar take. A lokacin gida bakwai kacal na duba. Yawancinsu sabbi ne, aibinsu bai wuce famfo mai ɗiga ba, kuma rahoton da ka yi wa mutum nasa ne, ba ka da ikon baza shi sai ya yarda. Na tambayi biyu, ba wanda ya amsa. Shafina ya yi kyau yanzu, amma wurin samfurin rahoto fayau yake.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci muka je cin abinci gidan Baba, kamar yadda muka saba. Mama Saratu ta ce in sauka besmen in ɗauko mata galan ɗin manja. Na sauka ɗakin da na kwana wata takwas, amma wannan karon da idon mai lasisi. Jama'a, abin da na gani! Wayoyin wuta an haɗa su da salatif. Bango ya tsage daga taga har ƙasa. Sai na ɗaga kai na dubi hita, wato tankin dafa ruwan gidan, wadda ke aiki da gas. Bututun da ke fitar da hayaƙinta waje ya rabu a mahaɗa, tazarar ta kai yatsa biyu, ga tsatsa ga baƙi-baƙi a gefen. Duk wanda ya yi kwas irin nawa ya san ma'anar wannan: iskar da ya kamata ta fita ta rufi tana iya zubowa cikin gida, iskar nan kuwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Yanzu zan faɗi abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba tsoro ba ne. Murna ce. Na ce a raina, "Ga hoto!" Na zaro waya na ɗauka ta nan, na ɗauka ta can, har da durƙusawa don haske ya faɗa daidai. Sai da na gama sannan hankalina ya dawo na tuna gidan wa nake ciki.

Na hau da manjan. Muka zauna, tuwon acha da miyar karkashi. Na yi loma uku ina shirya magana, sannan na gyara murya na ce, "Baba, hitar nan ta ƙasa ta ɗan kwana biyu, ko?"

Baba ya ajiye cokali. Shekarunsa na aiki duka a ɗakin gwaje-gwaje ya yi su, kuma tun da ya yi ritaya ba abin da yake alfahari da shi irin gyaran gidansa da hannunsa. Ya ce, "Wannan? Tun kafin ka zo ƙasar nan take aiki, ko tari ba ta taɓa yi ba. Ni nake kula da ita da kaina. Ba na kiran waɗannan yaran da za su zo su taɓa ƙusa ɗaya su ce sun yi aiki."

Ka san abin da na ce. "Haka ne, Baba." Na haɗiye sauran maganar tare da tuwo.

A hanyar gida na yi ta lallashin kaina. Yaya za a yi yaron da aka ɗauko daga filin jirgi ya dubi dattijo a teburinsa, bakinsa cike da tuwon matarsa, ya ce masa gyaranka bai yi ba? Na ce zan bi ta bayan gida. Zan samo mai gyara, in kawo shi da sunan ina son in gwada sabbin kayan aikina, shi ya faɗi maganar da bakinsa, ni kuma in yi kamar yanzu na gani. Sati mai zuwa. Ko Rifkatu ban gaya wa ba, don na san ita a daren za ta ɗauki waya. Sati mai zuwan ya zo ya same ni ina fama da launin maɓallin shafina, shuɗi ya fi ko ruwan lemo.

Hotunan kuwa na ɗora su. Na ja gefen kowanne na matse shi har ba abin da ake gani sai aibin kansa: bututu, waya, tsagar bango. Na ce ko Baba da kansa ba zai gane ba, bututu ai bututu ne. Sannan na zauna rubuta bayani a ƙarƙashi, kuma Hajiya ta ce rubutu ya zama gajere mai kama zuciya. Da Turanci na rubuta, amma ga fassararsa: "Wannan mai gidan yana gyara da kansa. Ga sakamakon. Kada ka zama shi." Na karanta sau uku ina jin daɗin kaina.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa tana taro wata-wata, Asabar da rana, a wani ɗan zaure da muke kamawa a Beltsville. Musulmi da Kirista ne, likitoci, nas-nas, direbobi, ɗalibai, kowa da kular abincinsa. Al'adarmu ce in wani ya fara sabuwar sana'a a ba shi minti goma ya yi bayani, sannan dattijo ya sa masa albarka. Dattijon da aka zaɓa mini, ba sai na faɗa ba. Yana layin gaba da farar kaftaninsa, Mama Saratu a gefensa da ɗankwali sabo.

An kafa majigi, Hajiya Bilki ta zauna gaban kwamfuta tana danna mini, ni kuma ina tsaye da makirfo. Farko komai ya tafi daidai. Ga lambata a sama, ga ni da tocila, ga wurin zaɓar rana. Aka yi tafi. Baba ya gyaɗa kai, ni kuma na ji kaina ya fara girma.

"Yanzu," na ce, "zan nuna muku abin da ya sa kuke buƙatata."

Bututun ya fito a bango. Na fassara musu bayanin da Hausa, kuma da na ga suna saurare sai na ƙara gishiri. Na ce akwai irin mutanen nan da in sun sayi sukundireba ɗaya sai su ɗauka sun zama injiniyoyi. Aka yi dariya. Na ce irin wannan mai gidan, ko kyauta ya ba ka gidansa ka ce ka gode ka wuce. Aka ƙara dariya, har Baba ya murmusa.

Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce ba sa gani sosai. Hajiya ta ce, "Bari in buɗe muku shi," ta kai hannu ta danna hoton.

A nan na koyi darasin kwamfuta da ba wanda ya koya mini. Ashe matse hoton da na yi ba yanke shi ba ne, ɓoye gefensa kawai manhajar ta yi. In aka danna, sai ya buɗe gaba ɗayansa yadda aka ɗauke shi.

Ya buɗe. Ya cika bango daga sama har ƙasa. Ga hita, ga bututu. Gefe guda ga teburin guga. A kan igiya ga singileti uku an shanya. Tsakiyar hoton kuwa, daram, ga wani shuɗin durom irin wanda muke cikawa da kaya mu aika gida ta jirgin ruwa, an rubuta a jikinsa da baƙin alƙalamin maka, kowane harafi ya kai tsawon hannuna a bangon nan: MAMA SARATU, KAFANCHAN.

Har ƙarar fankar majigi nake ji a zauren.

Wani bawan Allah daga baya, wanda bai gama fahimta ba, ya ce, "Kai, Injiniya, ashe har Kafanchan kake zuwa duba gida?"

Mama Saratu ta miƙe tsaye ta nuna bango. "Durom ɗina ne! Wayyo Yesu, ga singiletin Baba ma!"

Makirfon na hannuna yana ɗaukar numfashina yana watsa wa jama'a. Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin hoton da Turancinsa na mutanen da, a hankali, kalma bayan kalma. Da ya kai ƙarshe sai ya maimaita da Hausa.

"Kada ka zama shi," ya ce. Ya juyo ya dube ni. "Wa ke nan?"

Rifkatu ce ta cece ni daga hoto na biyu, ta tashi ta zare wayar majigin daga bango. (Har yau tana cewa wannan ne aikin gaggawa mafi muhimmanci da ta taɓa yi, ita da take aiki a asibiti.)

Baba ya miƙe. Na ce shi ke nan, yau zai sallame ni a gaban jama'a, kuma ya yi daidai. Sai ya dubi shugaban taro ya ce, "Ku ci gaba, a yi haƙuri." Ya juyo gare ni. "Kai, jakar aikinka tana mota?"

"Tana nan, Baba."

"Mu je."

Tsakanin zauren da gidansa bai fi minti goma ba, amma ban taɓa tuƙi mai tsawo irin wannan ba. Baba yana gefena yana kallon gaba. Mama da Rifkatu suna baya. Can sai Mama ta yi ƙwafa ta ce, "Da ma ka ce in kwashe shanyar."

Da muka shiga, Baba ya buɗe ƙofar besmen ya tsaya gefe. "Sauka. Duba mini yadda kake duba wa waɗanda ba ka jin kunyarsu."

Na ce wa Rifkatu ta buɗe famfon ruwan zafi a kicin ta bar shi yana zuba, don hitar ta kama. Na ji ta kunna, fuuu. Na ɗauko 'yar na'urata na kai ta kusa da inda bututun ya rabu. Ina addu'a a raina ta yi shiru, in samu abin da zan ce ai Baba abin bai kai haka ba. Ba ta yi shiru ba. Ta fara ƙara, lambobin fuskarta suna hawa.

Na ɗaga kai na ga irin ƙararrawar nan da ake mannawa a silin don ta yi gargaɗi in iska mai guba ta taru. Murfinta a buɗe, cikinta wayam.

"Baba, ina batirin wannan?"

"Na cire," ya ce. Muryarsa ta sauka. "Tun watan jiya take ta kuka ba dalili. Na ɗauka ta lalace."

Mama Saratu tana tsaye a kan matakala. A hankali ta zauna a wurin, ta dafe kai. "Sati uku ke nan," ta ce, "duk ranar da na sauko wanki da guga sai kaina ya yi ta sara, in ji jiri. In na hau sama na kwanta sai ya lafa. Na ce tsufa ne. Ni da na shekara talatin ina aikin nas."

Kunyar zaure duk ta bi iska, wani abu da ya fi ta nauyi ya zauna mini a ƙirji. Amma hannuwana sun san aikinsu. Na kashe gas, na ce kowa ya fita, na bubbuɗe tagogi da ƙofofi, na kira layin gaggawa na masu gas. A karon farko a rayuwata na ba Baba Ishaya umarni. Na ce, "Baba, fita waje yanzu," kuma ya fita. Rifkatu ta sa Mama a mota ta wuce da ita asibiti a duba ta.

Ni da Baba muka zauna jiran masu gas a ƙofar gida. Wato shi ya zauna a kan dakali, ni kuwa na cire hula na zube gwiwa biyu a kan ciyawa na fara ba da haƙuri. Wata maƙwabciyarsa da ke yawo da karenta ta tsaya ta tambaya ko lafiya, ko a kira mana taimako.

"Tashi," in ji Baba, "kafin a kira mana 'yan sanda. Zo ka zauna nan."

Na zauna a gefen dakalin, can ƙarshe.

"Yaushe ka ɗauki hoton?"

"Ranar da muka ci tuwon acha, Baba."

Ya ƙirga da yatsunsa. "Kwana goma sha uku."

"Haka ne, Baba."

"Ka bar ce mini haka ne." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Kwana goma sha uku kana jin kunyata. Ka ji kunyar gaya mini ni kaɗai a teburina, amma ba ka ji kunyar gaya wa Amurka duka ba. Uwarka tana sauka ɗakin nan kullum. Da wani abu ya same ta, da wace fuska za ka zo mini gaisuwa? Da wannan ladabin naka?"

Na kasa ɗaga kai. Hawaye na ji suna ɗiga a kan wandona.

Sannan ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Ka fara magana ranar nan, na ji ka sarai, na toshe maka baki da labarin gwanintata. Amma kai aka ba lasisi, ba ni ba. Wata takwas ka ci a gidan nan. Abin da nake so a wurinka bai wuce ka dube ni ka ce, Baba, bututun nan zai kashe ku. In na yi fushi, in yi fushina ina da rai."

Ana haka wayata ta yi ƙara. Rifkatu ce. Ta ce an duba Mama, lafiyarta ƙalau, har ta fara yi wa nas-nas ɗin gyara a kan yadda ake ɗaura abin awon jini. Na gaya wa Baba. Ya rufe ido ya ce, "Mun gode Ubangiji." Ni kuwa ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Sai ya miƙo hannu ya ɗora a kaina. "An ce in sa maka albarka, ka hana ni yi a zaure. To, ga ta nan." A kan dakalin nan ya yi mini addu'ar, motar masu gas tana shigowa layin. Ya roƙa mini kasuwa, ya roƙa mini ido mai gani, sannan ya ƙara da cewa Allah ya ba ni baki.

Kafin sati ya zagayo an sa sabuwar hita da sabon bututu, an gyara wayoyin, an mayar wa ƙararrawa batirinta. Ni kuma na je da niyyar in nuna wa Baba na goge hotunan daga shafin. Ya ce wa ya aike ni? Ya ce a mayar, a sa na da da na yanzu gefe da gefe, ya kuma sa hannu a takarda cewa ya yarda. Bayanin ma shi ya faɗa ina rubutawa: "Wannan gidana ne. Na ɗauka na iya. Ku kira mai dubawa, kuma in ya yi magana ku bar shi ya ƙarasa." Mama Saratu sharaɗi ɗaya ta kafa, a yanke durom da singileti, yankewa ta gaske. Ta tsaya a kaina ina yi, ta danna hoton da yatsanta sau uku don ta tabbatar.

Sunan dai ya riga ya bi ni. A ƙungiya yanzu Injiniya Durom ake ce mini, har yara. Hajiya Bilki kuwa in za ta haɗa ni da masu sayen gida, cewa take, "Ku kira wannan, ko gidan ubansa bai raga wa ba." Ban taɓa gyara mata labarin ba, amma ni na san na raga, har kwana goma sha uku.

Yanzu ba na ɗora hoton gidan kowa sai da izininsa a rubuce, kuma sai na danna shi da kaina na duba kowace kusurwa, ko akwai durom. Shafin yana nan yadda Hajiya ta ce, lamba a sama, gaisuwa da tarihi can ƙasa ga mai sha'awa. Bakina ma haka na gyara masa tsari. In na shiga gida na ga bututu ya rabu, ko gidan wane ne, ko da tuwonsa a bakina, shi nake fara faɗa. Ma gaisa daga baya.